Mashin yankan karo da dutse mai aiki da ruwa: wanne ya dace da magini?

Gini ya sake kama a karkara. A da, in an gama ɗaki, mata ne ke taruwa da madaɓai su daɓe shi, su shafe shi da makuba har ya yi sheƙi. Daga baya daɓen siminti ya zo. Yanzu kuma ga karo, wanda mutanen Najeriya ke kira tayil. Ana shimfiɗa shi a masallatan Juma'a, da ɗakin haihuwa na gidan likita, da shaguna, da gidajen ƴan ci-rani da suka dawo da ɗan abin hannu. Karo yana da sauƙin wanki, kuma ba ya tara ƙura kamar daɓen ƙasa.

Amma karo ba ya zuwa daidai da ɗaki. Kowane ɗaki yana da kusurwa, da bakin ƙofa, da inda bututun ruwa ya fito. Tilas a yanka wasu. A nan ne ake gane gwanin magini. Wanda ya yanka da kyau, aikinsa sai ya fito sumul. Wanda ya yi ta fasawa, mai gida ne ke asara, don karo yana da tsada, kuma daga nesa ake kawo shi, daga ƙasashe kamar Sin, da Indiya, da Ispaniya, da Najeriya. In kwali ya ƙare ana tsakar aiki, ba lalle ba ne a sake samun irin launinsa a kanti.

Shi ya sa matasa da suka koyi saka karo suke tara kuɗi don su sayi mashin na yanka, mai aiki da ruwa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wani sai ya saida sa, wani sai ya ci bashi. Ya kamata mutum ya san abin da zai saya tun bai kwance lalita ba.

Ba kowa ke bukatar shi ba

Akwai mayankin hannu. Ƙarfe ne mai dogon hannu, da wata ƴar taya mai kaifi a ƙasansa. Ana jan tayar a bisa fuskar karo, ta bar tsaga. Sai a danna hannun, karo ya rabu biyu, kamar yadda masu yankan gilashi ke yi. Ba ya son wuta, ba ya son ruwa, ba ya tada ƙura. Wasu ƴan'uwa da ake kira Boada ne suka ƙera irin shi a shekarar 1951, a garin Rubi kusa da Barsalona, cikin ƙasar Ispaniya. Har yau kayan aikinsu suna ɗauke da sunan garin.

A ɗauki misalin ɗaki mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3 da rabi. Za a saka karo mai santimetir 40. Ta tsawo, karo 10 ne za su shiga cif. Ta faɗi, 8 ne za su shiga, sai saura santimetir 30. Ke nan karo 80 za su zauna yadda suke, 10 kaɗai za a yanka, kuma yankan a miƙe yake. Mayankin hannu zai gama wannan kafin shayi ya dahu. Maginin da irin wannan ne aikinsa na kullum, kuɗinsa sun fi amfani wajen sayen mayankin hannu mai kyau.

To, yaushe ne mashin ke zama tilas?

In karon mai tauri ne ƙwarai. In za a yanka dutse. In za a fidda kusurwa daga cikin karo don ya zagaye ginshiƙi ko bakin ƙofa, abin da mayankin hannu ba ya iyawa, don shi tsagarsa sai ta tafi daga baki zuwa baki. In ana son siririn yanki kamar faɗin yatsa biyu. Haka nan in za a karkata bakin karo don biyu su haɗu a kaifin matakala ba tare da an ga cikinsu ba.

Gane karo mai tauri ba wuya. A juya shi, a ɗiga masa ruwa a baya. In ya shanye ruwan nan take, mai laushi ne, irin na bango. In ruwan ya tsaya kamar raɓa a ganyen kabewa, to wannan shi ne masu kanti ke kira porselen. An gasa shi da wuta mai tsanani, har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Yana daɗewa a ƙasa, amma yana gajiyar da mai yanka. Mayankin hannu na arha yakan fasa shi ta inda ba a so.

Faifan ba yanka yake yi ba, ci yake yi

Abin da ke aikin shi ne wani faifan ƙarfe mai juyawa, wanda masu sana'a ke kira diski. Ba shi da haƙora irin na zarton kafinta. A bakinsa an cuɗa ƙananan tsabar diyaman, wato lu'ulu'u, cikin wani ƙarfe. Kada a yi zaton irin na ado ne. Tun shekarun 1950 aka iya haɗa diyaman a masana'anta, a Suwidin da Amurka, kuma shi ake sa wa kayan aiki.

Masana sun jera duwatsu bisa tauri, daga 1 zuwa 10. Diyaman shi ne 10, babu abin da ya kai shi. Dutsen ƙanƙara 7 ne. Baƙin ƙarfen wuƙa bai kai 6 ba. Shi ya sa wuƙa ba ta cin dutse, dutse ne ke wasa wuƙa. Tsabar diyaman ita ke goge dutsen kaɗan-kaɗan, kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi, har ta ratsa shi. Ƙarfen da ke riƙe da tsabar yana ciyuwa a hankali, tsohuwar tsaba ta faɗi, sabuwa ta fito daga ƙasa. Haka faifai ke wasa kansa.

Akwai wani abu a nan da yakan ruɗa mutane. Dutse mai tauri yana son faifan da ƙarfensa ke da laushi, don tsabar na saurin dakushewa, tilas sabuwa ta riƙa fitowa da wuri. Dutse mai laushi mai rairayi kuwa yana son faifan da ƙarfensa ke da tauri, in ba haka ba rairayin zai cinye shi cikin ƴan kwanaki. Saboda haka babu faifai ɗaya da ke yin kowane aiki da kyau, komai abin da mai kanti zai faɗa.

Duwatsun Nijar ba iri ɗaya ba ne. Manyan duwatsun da ke cikin Damagaram, da na Ayar, garanit ne, masu tauri sosai. A Adar akwai farin dutse mai laushi, irin wanda ake gasawa a yi siminti a Malbaza. Akwai kuma marmara ja, wadda ake sarewa a yi tubali. A kula da wannan suna: marmara ba ita ce marbur ba. Marbur wani dutsen ado ne mai santsi, wanda taurinsa 3 ne kawai, yana da sauƙin yanka amma bakinsa na saurin ɓantarewa. Mai zuwa sayen faifai ya faɗi sunan abin da zai yanka, ya kuma duba zanen da ke jikin kwali.

Bakin faifai iri uku ne. Wani bakinsa a haɗe yake, sumul, babu tsaga. Shi ne na karo, da porselen, da marbur. Yana tafiya a hankali amma ba ya ɓantare fuskar karo, kuma yawancinsa sai da ruwa. Wani bakinsa a tsattsage yake, gaɓa-gaɓa. Wannan na bulo ne da kankare da dutse mai kauri. Yana da sauri, amma in aka sa shi a karo sai bakin ya fito kamar ɓera ya gwaguye shi. Na uku bakinsa a haɗe yake amma da ƙananan kwari, ana ce masa turbo, yana tsakanin biyun.

Mashin na arha da faifai mai kyau ya fi mashin mai tsada da faifan banza. Faifan da ke zuwa cikin kwalin mashin sau da yawa ba na kirki ba ne. Mai saye ya ware kuɗin faifai na biyu tun ranar farko.

In faifai ya daina ci, yana ƙara, yana fidda tartsatsi, ba lalle ya mutu ba. Wataƙila ƙarfen ne ya rufe tsabar. A yanka tsohon bulon siminti sau uku ko huɗu. Rairayin bulon zai kankare ƙarfen, tsabar ta sake fitowa.

Me ruwan ke yi?

Aiki uku yake yi. Yana sanyaya faifai, don gogayya na haddasa zafin da ke iya lanƙwasa shi, ko ya sa gaɓa ta ɓalle ta yi tsalle. Yana wanke garin dutse daga cikin tsaga, yankan ya fito da tsabta. Na uku shi ne babba: yana kama ƙura.

Magina da yawa suna yanka karo a bushe, da ƙaramin mashin na hannu irin na masu walda. Kowa ya taɓa ganin su, farar ƙura ta turnuƙe ɗaki, mai yanka ya fito fari fat kamar ya kwana a gidan niƙa. Ana dariya. Ba abin dariya ba ne.

Cikin karo da yawancin duwatsu akwai sinadarin dutsen ƙanƙara, wanda likitoci ke kira silika. A karo yakan kai kashi 30 zuwa 45 cikin 100. A garanit 20 zuwa 45. A dutsen rairayi 70 zuwa 90. A marbur da farin dutse kaɗan ne, wajen kashi 2. In aka yanka a bushe, silika na tashi cikin iska. Ƙurar da ido ke gani takan tsaya a hanci da maƙogwaro, a yi kaki a tofar. Wadda ke kisa ita ce wadda ido ba ya gani. Ita ke wucewa can ƙasan huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita. Huhu sai ya yi ta yin tabo a kanta, ya yi tauri, har ya kasa buɗewa.

Wannan ciwo shi ake kira silikoz. Ba ya nuna kansa da wuri. Mutum na iya yin shekara 10 ko 20 yana aiki lafiya, sa'annan ya fara haki in ya hau tsani, ga busasshen tari, ga rama. In ƙurar ta yi yawa ƙwarai, cikin ƴan shekaru kaɗan ciwon ke kama mutum. Ba shi da magani. Ko an bar aikin, tabon ba ya gogewa, wani lokaci ma gaba yake ci. Kuma huhun da ya kamu da shi yana saurin kamuwa da tarin fuka. Irin ƙurar nan ce masu dakan dutse a bushe ke shaƙa a wuraren haƙar zinariya.

Wasu ma'aikata suna cewa in an sha madara bayan aiki, ta wanke ƙurar. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta tafi. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Rawani ko ƙyalle da aka naɗe a hanci yana tare ƙurar hunturu mai kauri, amma wannan ƴar mitsitsiyar tana ratsa shi kamar ruwa a rariya. Takunkumin da ke tare ta shi ne wanda aka rubuta wa FFP3, ko aƙalla FFP2, kuma sai ya manne da fuska sosai.

Maganar ba ta talakawa kaɗai ba ce. A ƙasar Ostareliya an yi yayin wani dutsen ƙira na saman teburin girki, wanda silikarsa ke wuce kashi 90 cikin 100. Matasan da ke yanka shi suka yi ta kamuwa da silikoz. Daga ranar 1 ga Yuli 2024 hukumar ƙasar ta hana yin shi da saida shi. Duk maginin da aka kawo wa irin wannan dutse, kada ya kuskura ya taɓa shi a bushe.

Ruwa ba ya kama ƙurar duka, amma yana kama mafi yawanta tun daga bakin faifai. Saboda haka abu na farko da za a duba a jikin mashin shi ne yadda yake ba faifai ruwa. Ruwan ya zubo ta gefe biyu na faifan, ba gefe ɗaya ba. Ya zama yana zuba tun kafin faifai ya taɓa karo.

Mutanen karkara za su ce: mu da ke sayen ruwa a bidon, ina muka ga na ba mashin? Mashin ba ya shan ruwa kamar gona. Yana da kwami a ƙasa. Wani ƙaramin famfo na ɗauko ruwan ya kai wa faifai, ya koma kwamin, ya sake zagayowa. Bidon ɗaya ko biyu sun isa a fara aiki. Matsalar ita ce laka. Garin dutse na taruwa a kwamin, famfo ya tsotse shi, ya toshe, ya ƙone. Dabarar tsofaffin hannu ita ce a ɗaga famfon kaɗan daga ƙasan kwami, ko a sa shi cikin wani bokiti na ruwa mai tsabta. Ruwan da ya yi laka kuma a juye shi a wani bokiti, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama a sake aiki da shi.

Lakar da ta rage kada a zubar da ita a tsakar gida. In ta bushe ƙura ce ta koma, yara su yi wasa cikinta, mata su share ta da tsintsiya ta tashi. A haƙa rami a rufe ta tana ɗanya. Kwamin ma a zubar da ruwansa kowace yamma, don sauro ba ya raina kwantaccen ruwa.

Girman mashin

Akwai ƙaramin mashin mai kama da tebur. Faifansa na fitowa daga ƙasa, rabinsa na cikin ruwa, ba ya bukatar famfo. Mutum na tura karo da hannu. Faifan yakan zama milimetir 180, ƙarfin injin wat 500 zuwa 800. Mutum ɗaya na ɗaukar shi, har a bayan babur. Ya isa ƙananan karo. Amma in karo ya yi girma sai ya fi teburin, ya riƙa lilo, yankan ya karkace.

Akwai mai dogon ƙarfe a sama, kamar gada. Ana kwantar da karo a tebur ba ya motsi, injin da faifan ne ke tafiya a bisa ƙarfen. Wannan shi ne na masu sana'ar karo. Akwai kuma babba na dutse da bulo, mai faifan milimetir 350 da inji wajen wat 2200, wanda ake ɗora dutsen a wani faranti mai taya a tura shi ƙarƙashin faifai.

Lambobi biyu ne za a tambaya: tsawon yanka da zurfin yanka.

Tsawon yanka shi ne inda mutane ke faɗawa. Magini ya ce karonsa santimetir 60 ne, sai ya sayi mashin mai yanka santimetir 60. Ran nan mai gida ya ce a saka masa karo a gicciye, kusurwa na kallon ƙofa. Yanzu tilas a yanka daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan layi ya fi gefe tsawo. Na karo mai santimetir 30, shi ne 42 da ɗan ɗori. Na mai 40, kusan 57. Na mai 60, kusan 85. Lissafin da aka koya a makarantar yaƙi da jahilci ya isa a gano shi: a ninka tsawon gefe da 141, a raba da 100. Kuma karo sai ƙara girma yake yi, yanzu har mai santimetir 120 ana kawowa. Wanda ke son aikin birni ya yi tunanin wannan.

Zurfi kuma ya danganta da faifai. Faifai ba ya nitsewa duka, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ne iyaka, sau da yawa ma ƙasa da haka. Mai milimetir 180 ko 200 yana ratsa wajen santimetir 3. Mai 350 yana ratsa wajen santimetir 10. Karo kaurinsa yakan tsaya kusa da santimetir 1, saboda haka ƙaramin faifai ya ishe shi. Dutsen matakala da tubalin marmara su ke son babba.

A tsakiyar faifai akwai rami. Wannan rami ba ɗaya ba ne a duk duniya. Na ƙananan mashinan hannu milimetir 22 ne da ɗan ɗori. Na yawancin mashinan tebur da ke zuwa daga Turai milimetir 25,4 ne. Na Amurka yakan zama kusan 16. Mashin da ba a samun faifansa a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ranar da faifan ya ƙare shi ma ya ƙare.

Maganar wuta

Wutar Nigelec volt 220 ce. Akwai tsofaffin mashina da ake kawowa daga Amurka, masu kyau a ido, ga arha. Wutarsu volt 120 ce. In aka jona su a ta 220, ƙonewa suke yi. Ko an samu akwatin rage wuta, injin an yi shi ne don wutar da ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijar kuwa sau 50 take bugawa. Sai ya riƙa juyawa a hankali yana zafi. A jikin kowane inji akwai ɗan allon ƙarfe mai rubutu. A nemi 220 ko 230 V, da 50 Hz. Nan ma wanda ya iya karatu ya tsira da kuɗinsa.

Garuruwa da yawa babu kuran, sai gurup. Inji yana jan wuta mai yawa lokacin tashi, ninkin abin da yake ja yana cikin aiki. Saboda haka ƙarfin gurup ya ninka na mashin sau biyu zuwa uku. Mashin mai wat 800 na son gurup mai wat 2000 ko fi. Mai wat 2200 na son babban gurup, wanda kuɗinsa kaɗai na iya fin na mashin. Ƙaramin farantin hasken rana na cajin waya da fitila ba ya tada ko ɗaya daga cikinsu. Waya mai tsawo kuma siririya tana rage wuta, inji ya yi gurnani ya yi zafi. A nemi mai kauri, wadda aka rubuta wa 2,5, kuma a warware ta duka, kada a bar ta a nannaɗe.

Ruwa da wuta ba sa ga maciji. Mai yanka hannunsa a jiƙe yake, ƙafarsa cikin danshi. Mashin na kirki yana zuwa da wani ɗan akwati a jikin wayarsa, mai maɓalli biyu. In wuta ta ɓalle ta bi jikin mutum, akwatin na yanke ta nan take. A jikinsa za a ga 30 mA ko 10 mA. In mashin ba shi da shi, a saya daban a sa. Kada a cire ƙafa ta uku ta abin jonawa don ya shiga bango, ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Inda aka haɗa waya da waya a rataye shi sama, nesa da ruwa. Takalmin roba ya fi silifa, silifa ta fi ƙafa tsirara.

Mashin yana da ƙara. In sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, to ƙarar na cin kunne a hankali. A toshe kunne. A sa tabarau saboda ɓarɓashi. Babbar riga da jelar rawani kuma a naɗe su kafin a kunna, don abin da ke juyawa kusan sau 2800 a minti ba ya jiran kowa. Aparanti ƙarami aikinsa ɗebo ruwa ne, ba tura karo ba.

Ranar saye

Mai zuwa kanti ya tafi da karo guda biyu na irin wanda yake aiki da shi, da magwajin kusurwa. Ya tafi da wanda ya daɗe a sana'ar, in da hali.

Tun ba a kunna ba, a kama kan injin a girgiza shi hagu da dama. In yana wasa a bisa ƙarfen, yankan ba zai taɓa miƙewa ba. A tura shi daga farko zuwa ƙarshe, ya tafi sul ba tare da sarƙewa ba. A juya faifan da hannu, a riƙe fensir kusa da gefensa: in faifan na taɓa fensirin yana bari, to ko faifan ne ya lanƙwashe, ko rulma ta ci. A duba teburin: ƙarfe mai fenti kawai zai yi tsatsa cikin ɗan lokaci, don kullum cikin ruwa yake. Alminiyom ko ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi. A duba kibiyar da ke jikin faifai, ta bi inda injin ke juyawa.

Sa'annan a ce a kunna. Mai kantin da ya ƙi a gwada masa kaya, a gode masa a wuce gaba. A yanka karon da aka zo da shi, a hankali, ba tare da danna shi da ƙarfi ba. A shafa bakin da yatsa a ji ko ya ɓantare. A auna faɗin yankin a farko da ƙarshe. In sun bambanta da milimetir 2, a ɗaki guda za a ga layin yana tafiya kamar sawun maciji.

Sunayen da magina suka sani a duniya akwai Rubi, da Raimondi, da Montolit, da Husqvarna, da Makita. A kasuwannin Afirka ta Yamma an fi ganin Ingco da Total, masu sauƙin kuɗi. Suna a jikin kwali ba shaida ba ne, don jabu sun yi yawa. Tambayar da ta fi amfani ita ce: in famfo ya mutu, akwai wani? In rulma ta ci, ko maɓalli ya ƙone, wa ke gyarawa, kuma a wane gari? A karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar mashin da kwanan wata.

Babban mashin yana da nauyi, sai mutum biyu. In za a kai shi ƙauye a amalanke, a cire faifan da famfon a naɗe su daban. Kada a ɗora buhun siminti a kan dogon ƙarfen, don in ya lanƙwashe ko kaɗan, babu maƙerin da zai mai da shi daidai.

A gari guda aikin karo ba ya zuwa kowace rana. Mashin mai tsada zai yi wata yana kwance. Magina uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, kamar yadda manoma ke haɗuwa su sayi injin ban-ruwa. Kowa ya riƙe mayankinsa na hannu, mashin kuma ya bi wanda ke da aikin dutse ko porselen. Su buɗe littafi: wa ya ɗauka, ran nawa, ya biya nawa. Abin da aka tara a ajiye shi don famfo da rulma. Faifai dai kowa ya sayi nasa, ya ɗaura shi da safe, ya kwance shi da yamma ya tafi da abinsa gida.